Allurar Jinin Mutum Don Raɗaɗin Ƙafar Mai Ciwon Suga: Ina Gaskiyar Take?

A makon nan za mu tattauna a kan wata allura da ake yawan tallarta a intanet, wadda ake kira PRP. Masu tallar suna cewa ana ɗibar jinin mutum, a tace shi, a mayar masa da wani sashe nasa ta allura, sai raɗaɗin ƙafar da ciwon suga ya jawo masa ya tafi. Wasu ma har cewa suke yi jijiyoyin da suka lalace za su farfaɗo.

Wani zai ce me ya haɗa ɗan sakandare da ciwon da aka fi gani a wurin manya? Abin da ya haɗa su yana da yawa. A gidaje da dama ku ne masu karanta wa Baba ko Kaka saƙon da aka turo ta WhatsApp, ku ne masu duba takardar magani, kuma ku ake aika kyamis. Idan aka turo bidiyon wani sabon magani, sau da yawa ku za a fara tambaya ko gaskiya ne. Amsar da kuka bayar tana iya sa a sayar da akuya ko a taɓa kuɗin makaranta, tana kuma iya sa mara lafiya ya ajiye maganin da likita ya rubuta masa. Saboda haka ya kamata mu san abin da ake magana a kai.

Ciwon suga kansa ba baƙo ba ne. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka. Kuma kusan rabin masu wannan ciwo suna samun lalacewar jijiya a wani lokaci na rayuwarsu.

Wace jijiya ake nufi?

A Hausa kalmar jijiya tana ɗaukar abubuwa fiye da ɗaya. Akwai jijiyar da jini ke gudana a cikinta, wadda ma'aikacin asibiti ke nema a hannu idan zai ɗebi jini. Akwai jijiya mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, irin ta agara. Sannan akwai ta uku, wadda ita ce tamu a yau, wato jijiyar saƙo. Ita tana kama da wayar lantarki: tana ɗauko labari daga fata zuwa laka da ƙwaƙwalwa, ta kuma kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka. Idan kun taka ƙaya kuka ɗage ƙafa nan take, aikinta ne.

Idan suga ya daɗe yana da yawa a jini, yana cutar da wannan jijiya ta hanyoyi biyu manya. Ta farko, yana lalata ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da jijiyar, sai abinci da iskar da take buƙata su ragu. Ta biyu, sugan da ya shiga cikin jijiyar da yawa yana rikiɗewa zuwa wasu sinadarai da ke taruwa su dagula aikinta. Abin ba ya faruwa dare ɗaya, yakan ɗauki shekaru.

Me ya sa ƙafa ce ke fara kamuwa? Domin jijiyoyin da ke zuwa yatsun ƙafa su ne mafi tsawo a jiki. Zare ɗaya na jijiya yana iya tashi daga ƙasan baya har babban yatsa, kusan mita guda a jikin dogon mutum. Ku ɗauki misalin famfon da aka ja daga nesa: idan ruwa ya yi ƙaranci, gidan da ke can ƙarshen layi shi ke fara rasawa. Shi ya sa matsalar ke somawa daga yatsu, ta hau tafin ƙafa, ta kai idon sawu, a ƙafafu biyun lokaci guda, kamar mutum ya sa safa. Sai ta yi nisa sannan take bayyana a yatsun hannu.

Masu fama da ita suna bayyana ta da kalmomi daban-daban. Wani ya ce kamar an shafa masa barkono a tafin ƙafa. Wani ya ce kamar ana tsira masa allurai, ko cinnaku na yawo a ƙarƙashin fata. Wani kuma ya ce fizga yake ji kamar ya taɓa minjirya. Abin ya fi tsananta da dare, har wani ko mayafi ya taɓa masa ƙafa sai ya yi ƙara. Mutumin da ya yi watanni ba ya samun barci saboda wannan zugi, ba abin mamaki ba ne ya yarda da duk wanda ya ce yana da magani. Hausawa sun ce wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama.

Lokacin da jiki ya daina gaya wa mai shi

Muna cewa jiki magayi, to amma jijiyar saƙo ce bakin da jiki ke magana da shi. A wurin mutane da yawa ciwon suga ba ya kawo zugi, kashe ji yake yi gaba ɗaya. Ƙafa ta zama kamar ba ta mutum ba. Wannan shi ya fi haɗari, domin mutum zai taka ƙusa ko tsakuwa ta shiga takalminsa ya wuni yana tafiya a kai bai sani ba. Ƙaramin rauni ya zama gyambo, gyambo ya ruɓe, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa.

Wani likitan Ingila mai suna Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a garin Vellore na Indiya daga ƙarshen shekarun 1940, shi ya nuna cewa yawancin yatsun da kutare ke rasawa rauni ne da ƙuna ke cinye su a hankali, saboda jijiyoyinsu sun mutu ba sa jin zafi. Daga baya ya koma Amurka, inda aka yi amfani da wannan darasi wajen kula da ƙafafun masu ciwon suga. Ku riƙe wannan, domin za mu buƙace shi a gaba: rage zugi abu ne guda, kare ƙafa daga rauni kuma wani abu ne dabam.

Mene ne PRP?

Waɗanda suka yi darasin jini a ajin bayoloji za su tuna cewa babban mutum yana da jini kimanin lita 5. Kusan kashi 55 cikin 100 na jinin ruwa ne mai launin rawaya-rawaya da ake kira filasma. Sauran kuwa ƙwayoyi ne iri uku: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar oksijin, fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira filatilet, waɗanda aikinsu shi ne tsayar da zubar jini.

Wani masanin Italiya, Giulio Bizzozero, shi ya yi bayanin aikin filatilet a shekarar 1882. A ɓargo ake ƙera su, kuma kowace tana rayuwa kwana 7 zuwa 10 kacal. A cikin ɗigon jini mai girman milimita ɗaya ta kowace fuska, mutum mai lafiya yana da filatilet 150,000 zuwa 450,000. Idan reza ta yanke ku, su ne ke rugawa wurin su manne da juna su toshe kafar. Bayan sun toshe, sai su saki wasu sinadarai da ake kira masu sa tsiro. Waɗannan sinadarai su ke kiran sauran ƙwayoyin jiki su zo su gyara wurin, su kuma sa sababbin hanyoyin jini su fito.

PRP gajarta ce ta sunan Turanci da ke nufin filasma mai yalwar filatilet. Ga yadda ake haɗa shi. Ana ɗibar jini kaɗan daga hannun mutum, kamar cokali biyu zuwa huɗu, a zuba a kwalbar gwaji, a sa a cikin wata na'ura mai wulwulawa da gudu sosai na 'yan mintuna. Kun ga yadda idan aka tace gasara aka ajiye, ƙullun ke kwanciya a ƙasa ruwa ya taso sama? Haka jinin ke rabuwa, sai dai na'urar tana hanzarta abin. Jajayen ƙwayoyi masu nauyi su kwanta a ƙasa, filasma ya tsaya a sama, a tsakiya kuma a ga wani siririn layi fari-fari inda fararen ƙwayoyi da filatilet suka taru. Sai a zuƙo wannan yanki da ɗan filasman da ke kusa da shi. Abin da aka samu yakan ƙunshi filatilet ninki uku zuwa biyar na wanda ke cikin jini. Shi ake yi wa mutum allura da shi a wurin da ke ciwo.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1998 wani likitan tiyatar baki da muƙamuƙi a Amurka, Robert Marx, ya wallafa aikinsa na amfani da PRP wajen gyaran ƙashin muƙamuƙi. Abin da ya sa duniya ta san shi kuwa 'yan wasa ne, irin su Tiger Woods na wasan golf da Rafael Nadal na tenis, waɗanda aka yi musu shi saboda raunin da suka samu. A 2011 hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, WADA, ta cire shi daga jerin abubuwan da ta haramta. Daga nan sai aka shiga gwada shi a kan ciwon gwiwa, sanƙo, gyaran fuska, da sauransu.

Me ya sa ake zaton zai taimaki jijiya?

Tunanin yana da tushe. Jijiyoyin saƙo na hannu da ƙafa suna iya sake tsirowa idan an yanke su, da saurin kimanin milimita ɗaya a rana. Kuma an san cewa akwai sinadaran da ke ƙarfafa wannan tsiro. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen sun samu kyautar Nobel a 1986 saboda gano irin waɗannan sinadarai, ciki har da wanda ke sa jijiya girma. Tunda filatilet na ɗauke da masu sa tsiro iri-iri, wasu likitoci suka ce bari a zuba su a gefen jijiyar da suga ya lalata a ga ko za ta farfaɗo. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi irin su ɓeraye da zomaye sun ba da ƙwarin gwiwa.

Gwajin da aka fi ambata a kan mutane an yi shi ne a Jami'ar Asyut da ke Masar, aka wallafa shi a 2020 a wata mujallar likitoci mai suna Pain Medicine. An ɗauki mutum 60 masu ciwon suga nau'i na biyu da ke fama da ciwon jijiya, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rukuni na farko aka yi musu allurar PRP a gefen jijiyoyin, ana kallo da na'urar sikanin don kada a kuskure wuri, kuma suka ci gaba da shan magungunansu. Rukuni na biyu magungunan kawai suka ci gaba da sha. Aka bi su bayan wata ɗaya, wata uku da wata shida. Waɗanda aka yi wa allurar sun ba da rahoton raguwar zugi da mutuwar ƙafa fiye da ɗaya rukunin.

Wannan labari ne mai daɗi, kuma shi masu talla ke riƙewa. Amma ɗalibin kimiyya ba ya tsayawa a kanun labari, sai ya duba yadda aka yi gwajin.

Yadda ake gane magani na aiki

A 1747 wani likitan jiragen ruwan Birtaniya, James Lind, ya ɗauki matuƙa 12 masu fama da cutar da ke sa dasashi zubar da jini, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane rukuni abu dabam. Waɗanda aka ba lemon zaƙi da lemon tsami su suka warke da sauri. Daga irin wannan ne aka gina ƙa'idar da ake bi a yau: idan kana son sanin ko abu na aiki, ka kwatanta waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, ka kuma tabbata babu wani bambanci a tsakaninsu sai wannan abin.

A nan ne gwajin Asyut ke da giɓi. Rukuni na farko sun ga an ɗebi jininsu, sun ga na'ura, sun ji shigar allura, sun san an yi musu sabon abu. Rukuni na biyu sun san ba a yi musu komai ba. Shi kuwa zugi babu ma'aunin da ake sa wa a jiki ya nuna shi kamar zazzaɓi, mara lafiya ake tambaya ya faɗi lamba daga 0 zuwa 10. An daɗe da sanin cewa idan mutum ya yarda an yi masa magani, zafin da yake ji yakan ragu da gaske ko da ruwan gishiri aka yi masa allura da shi. Ƙwaƙwalwa na da nata sinadaran rage ciwo da take saki idan ta sa rai da sauƙi. Ku ma kun san yadda mutanenmu suka yarda da allura fiye da ƙwaya, har wani ya ce in ba a yi masa allura ba ai ba a duba shi ba. Domin kauce wa wannan, gwaji mai ƙarfi yakan yi wa rukuni na biyu allurar bogi, ta yadda mara lafiya da mai auna shi duk ba su san wa ya samu ta gaske ba. Bayan haka, mutum 60 a asibiti ɗaya na wata shida sun yi kaɗan a yanke hukunci a kan ciwon da miliyoyin mutane ke ɗauke da shi shekara da shekaru.

Kada ku ɗauka wannan neman aibu ne kawai. Ga abin da ya faru da aka yi wa PRP irin wannan gwaji a wani ciwon. A Ostareliya an ɗauki mutum 288 masu ciwon gwiwa na zaizayar guringuntsi. Rabi aka yi musu allurar PRP sau uku, rabi aka yi musu ta ruwan gishiri, ba wanda ya san wadda ya samu. Bayan wata 12, zafin masu PRP ya ragu da maki 2.1, na masu ruwan gishiri ya ragu da maki 1.8. Bambancin bai kai a ce PRP ya fi ba. An wallafa sakamakon a mujallar JAMA a 2021. Haka kuma wani gwaji a Birtaniya da aka wallafa a 2019, a kan mutum 230 da jijiyar agararsu ta tsinke, bai ga wani amfanin PRP a kan allurar bogi ba. Ku lura da abu guda a gwajin Ostareliya: waɗanda aka yi wa ruwan gishiri su ma sun ji sauƙi. Da ba a kwatanta ba, da sai kowa ya rantse PRP ne ya yi aiki.

Wannan bai nuna PRP ba zai taɓa taimakon jijiya ba, domin gwiwa dabam jijiya dabam. Abin da ya nuna shi ne ƙananan gwaje-gwaje masu daɗin ji suna iya rushewa idan aka yi babba. Matsayin da ake a kai shi ne PRP don ciwon jijiyar masu suga yana matakin gwaji. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da wasu na'urorin haɗa PRP don ayyuka irin na ƙashi, amma ba ta amince da shi a matsayin maganin wannan ciwo ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta fitar a 2022 kan wannan ciwo su ma ba su sa shi cikin magungunan da suka ba da shawara ba. Akwai kuma wata matsalar: babu tsari guda na haɗa shi, wannan na'ura ta ba da mai kauri, waccan ta ba da mai ruwa, duk kuma sunansu PRP.

Inda PRP ya fi samun karɓuwa a ciwon suga shi ne gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa. A 2021 shirin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, Medicare, ya amince da biyan kuɗinsa don irin wannan gyambo. Masu talla sukan cakuɗa biyun, su kawo hujjar gyambo su sayar da allurar jijiya. Ku riƙa bambancewa.

Tunda jinina ne, ai babu illa?

Gaskiya ne jiki ba ya ƙin jininsa, kuma a hannun ƙwararru illolin da aka fi gani su ne ciwo da kumburi na 'yan kwanaki a wurin allurar. Sai dai duk allurar da za a yi kusa da jijiya tana iya taɓa jijiyar, kuma duk huda a ƙafar mai suga ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, ga shi rauninsa ba ya saurin warkewa. Babban haɗari kuwa shi ne wurin da ba shi da tsafta. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wasu mata da suka kamu da cutar ƙanjamau bayan an yi musu gyaran fuska da PRP a wani shagon kwalliya mara lasisi a jihar New Mexico, inda aka samu kwalaben jini babu suna da alluran da ba a kula da su yadda ya kamata ba. Idan haka ta faru a can, ku auna abin da zai iya faruwa a ɗakin da wani ya sayo na'ura ya kafa allo. Sannan ga kuɗi, domin allurar na da tsada kuma yawanci ba sau ɗaya ake yin ta ba.

Abin da aka tabbatar yana taimako

Na farko shi ne riƙe suga. Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada a kan mutum 1,441 masu ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda aka kammala a 1993, ya nuna cewa matsa wa suga lamba ya rage kamuwa da ciwon jijiya da kimanin kashi 60 cikin 100. A nau'i na biyu, wanda shi ne na fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, amfanin bai kai haka ba, shi ya sa likitoci ke haɗawa da kula da hawan jini, kitsen jini, rage ƙiba, motsa jiki da barin taba.

Na biyu, akwai magungunan rage zugin da aka gwada a kan dubban mutane, irin su amitriptyline, duloxetine, pregabalin da gabapentin. Ba sa gyara jijiyar, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba, amma suna sa mutane da yawa su samu barci. Likita ne ke zaɓa ya kuma daidaita adadi, domin suna sa jiri da barci, wasunsu kuma suna kama jiki. Ƙa'idojin 2022 da muka ambata sun hana amfani da dangin Tramol don wannan ciwo, mu kuwa mun ga irin ɓarnar da Tramol ya yi wa matasa a garuruwanmu. Haka nan wanda ya daɗe yana shan metformin yana iya samun ƙarancin bitamin B12, wanda shi ma ke lalata jijiya, don haka yana da kyau a tambayi likita ko akwai buƙatar gwaji.

Na uku shi ne kula da ƙafa, kuma a nan ne ku ke da rawar takawa, domin tsoho mai raunin ido ba ya iya ganin tafin ƙafarsa. Ku riƙa duba masa kullum, sama da ƙasa da tsakanin yatsu, ku nemi yanka, bororo, faso, ja ko kumburi. Bayan wanka ko alwala a tsane tsakanin yatsun. A shafa mai a dunduniya don kada ta tsage, amma ban da tsakanin yatsu. Kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida, balle a kan ƙasa mai zafi da rana. A zazzage takalmi a sa hannu a ciki kafin ya sa. Da hunturu kada ya miƙa ƙafa kusa da garwashi, kuma ku taɓa ruwan wanka da gwiwar hannunku kafin ya zuba a ƙafa. Kada a bar mai yankan farce na kan hanya ya sa masa aska, kada kuma a yi masa tsaga ko ƙaho ko gashi a ƙafar. Duk raunin da kuka gani, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti ba tare da jira ba. Aƙalla sau ɗaya a shekara ya kamata ma'aikacin lafiya ya gwada jin ƙafar, da wani siririn zare mai lanƙwasawa idan an danna shi da nauyin giram 10. Gwajin ba ya ciwo kuma ba ya wuce 'yan mintuna.

Tambayoyin da za ku riƙe

Idan an kawo muku tallar PRP, ko ta kowane sabon magani, ku yi waɗannan tambayoyi cikin ladabi. A kan mutum nawa aka gwada shi? An kwatanta da waɗanda aka yi wa na bogi? Har tsawon wane lokaci aka bi su? Wanda ke yabon maganin shi ne mai sayar da shi? Mai yin allurar likita ne mai rajista, a asibitin da aka sani? Sannan idan aka ce a ajiye insulin ko ƙwayoyin suga saboda an samu sabon abu, wannan kaɗai ya isa a tashi a bar wurin.

Idan Baba ya nuna yana son gwadawa, kada ku yi masa gardama ko ku nuna kun fi shi sani. Ku ce masa, “Baba, bari mu tafi da takardar nan wurin likitanka ranar asibiti mu ji ta bakinsa.” Wanda ke kwana da zugi yana buƙatar a saurare shi kafin a ba shi shawara.

Ga aikin gida ga masu sha'awa. Ku zana kwalbar jini bayan an wulwula ta, ku nuna sassa ukun da sunayensu. Sannan ku rubuta a taƙaice yadda za ku tsara gwajin PRP na adalci da a ce an ba ku marasa lafiya 200, ku faɗi yadda za ku raba su da abin da za ku yi wa kowane rukuni. Ku nuna wa malamin bayoloji ku tattauna a aji. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon suga ta duniya, don haka kulob ɗin kimiyya na makarantarku zai iya shirya bayani a kan kula da ƙafa a wannan rana, ku gayyaci ma'aikacin lafiya na kusa da ku ya nuna muku yadda ake dubawa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.